Yadda Ake Karanta Tsohuwar Taswirar Tsaunin Mambila

Tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba ƙasar kiwo ce ta gani ta faɗa. Tsayinsa daga teku ya kai wajen mita 1,600 a tsaka-tsaki, sanyin wurin bai bar ƙudan tsando ya sake ba, damina kuma tana jimawa har ciyawa ta daɗe tana kore. Wannan ne ya jawo Fulani suka yi ta hawowa da garkunansu, musamman daga shekarun 1940, suka iske Mambilawa da Kaka da sauran ƙabilu suna noma a kwari da gefen duwatsu. A tsawon wannan lokaci an zana wurin sau da yawa a takarda, kuma tsofaffin taswirorin nan masu nuna tudu da kwari suna nan har yau, a ɗakunan ajiya da ofisoshin safiyo da intanet.

Ɗalibi mai bincike, da likitan dabbobi, da ɗan makiyayin da ke son sanin inda burtalin kakanninsa ya bi, duk za su amfana da su in sun iya karatunsu. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko: tsohuwar taswira abin dogara ce a kan dutse da rafi da gangare, amma a kan harkar mutane, abin da idon mai zanen ya gani a shekara guda kawai take faɗa maka. Duk matakan da ke tafe a kan bambance waɗannan biyun aka gina su.

Mataki na farko: san wace taswira ce a hannunka

Mambila ba ta cikin Nijeriya a farkon mulkin Turawa. Tana ƙarƙashin Kamaru ta Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma hannun Ingila a matsayin riƙon amana, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 ta haɗe da Nijeriya cikin Lardin Sardauna. Daga nan ta shiga jihar Arewa Maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Taraba a 1991. Saboda haka sunan lardi ko jiha da ke saman takardar shi ne shaidar farko ta shekarunta.

Iri uku za ka fi cin karo da su. Akwai na Jamusawa da Max Moisel ya tsara dab da Yaƙin Duniya na Farko, masu ma'aunin 1:300,000. An haɗa su ne daga bayanan matafiya da hafsoshin soja, don haka suna da daraja wajen tsofaffin sunaye, amma kada ka auna tazara da su. Akwai na sojan Amurka masu ma'aunin 1:250,000, waɗanda ɗakin karatun Jami'ar Texas ya sa da yawa daga cikinsu a intanet kyauta. Suna da kyau don ganin yankin baki ɗaya. Sai waɗanda suka fi amfani ga mai nazarin kiwo, wato masu ma'aunin 1:100,000 da 1:50,000, da ofishin safiyo na tarayya ya fitar, da yawa tare da hukumar safiyon ƙasashen waje ta Ingila da ake kira DOS, daga hotunan da aka ɗauka ta jirgin sama. Irin waɗannan ana neman su a Ofishin Safiyo-Janar na Tarayya a Abuja, da ofishin safiyon jiha a Jalingo, da ɗakunan taswira na sassan nazarin ƙasa a jami'o'i. In an ba ka, roƙi a yi maka sikanin mai kala na takardar gaba ɗaya har da gefunanta. Kwafin baƙi da fari yana haɗe layin rafi da layin tudu, wato mai nuna tsayin ƙasa, da hanya su zama abu guda.

Mataki na biyu: karanta gefe kafin ciki

Kowa in ya buɗe taswira, garinsu yake fara nema. Daure ka fara da ƙananan rubuce-rubucen da ke ƙasa da gefe, domin a nan taswirar take gabatar da kanta.

Nemi shekaru, kuma ka sani sun fi ɗaya. Akwai shekarar da aka ɗauki hoton sama, da shekarar da ma'aikata suka zagaya suka tabbatar da sunaye in an yi hakan, da shekarar bugu, wani lokaci da ta sake bugu. Wadda ta fi muhimmanci ita ce ta hoton sama. Taswirar da aka buga a 1970 daga hoton 1960 ƙasar 1960 take nuna maka, kuma sake bugu sau tari tsohon zane ne a sabuwar takarda. Rubuta shekarar hoton a saman littafinka, duk abin da za ka faɗa game da ƙauye ko hanya ka jingina shi da ita.

Sai lambar takardar da sunanta. A tsarin Nijeriya kowace takarda mai 1:100,000 tana ɗauke da rabin digiri tsawo da faɗi, an kuma raba ta gida huɗu masu 1:50,000: arewa maso yamma, arewa maso gabas, kudu maso yamma, kudu maso gabas. Wani ɗan zane a gefe yana nuna takardun da ke maƙwabtaka da ita. Ka kwafe lambobinsu, domin da wuya makiyayar da kake nema ta tsaya a takarda ɗaya.

Daga nan ka duba tazarar layukan tudu, da ko ƙafa aka yi amfani da ita ko mita, da tushen awon da aka gina taswirar a kai, wato tsarin da aka auna digirin wurare da shi. Ka kuma bi jadawalin alamomi ɗaya bayan ɗaya, ko da kana ganin ka san su. Alamar hanyar mota ta duk shekara daban take da ta rani kaɗai, kuma a Mambila wannan bambanci babba ne.

Mataki na uku: ma'auni

Wannan lissafi ne mai sauƙi. A 1:50,000 santimita ɗaya mita 500 ce, santimita biyu kilomita ɗaya. A 1:100,000 santimita ɗaya kilomita ɗaya ce, a 1:250,000 kilomita biyu da rabi. Hanya mai lanƙwasa kuwa, kwantar da zare a kanta ka bi duk kwanarta, sannan ka miƙe shi a kan sandar awon da aka zana a ƙasan takardar. In kwafi ne a hannunka, da wannan sandar za ka yi aiki, domin injin kwafi yakan ƙara girman takarda ko ya rage, sandar kuwa tare da zanen take girma ko ƙanƙancewa.

Don awon fili, murabba'i mai santimita biyu kowane gefe a 1:50,000 hekta 100 ne. Ka dai tuna taswira shimfiɗe ƙasa take yi, don haka gangare ya fi abin da ka auna faɗi.

Mataki na huɗu: layukan tudu

A nan ne aikin yake, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Layukan nan masu ruwan ƙasa kowanne yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Ɗauki ƙwarya ka kifa, ka zana mata zobe-zobe tun daga baki har ƙoli, sannan ka kalle ta daga sama: abin da ka gani shi ne yadda taswira ke nuna tudu. Inda layuka suka matse, hawa ne mai tsauri. Inda suka ware, ƙasa ce mai sauƙin tafiya. Duk bayan layi huɗu akan sami na biyar mai kauri da lambar tsayi a jikinsa, da shi za ka fara ƙidaya.

Yawancin tsofaffin taswirorin Nijeriya da ƙafa suka auna tsayi. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, ke nan ƙafa 50 wajen mita 15, ƙafa 5,000 mita 1,524, ƙafa 6,000 mita 1,829. Wanda ya ga 5,000 ya zaci mita ne ya ninka tsaunin fiye da sau uku, alhali ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya, Cappal Waddi da ke can kan iyaka a gandun Gashaka-Gumti, mita 2,419 ce.

Gwada idonka da hawan da ke tsakanin Mayo Selbe da Maisamari, inda hanyar Serti take hawa tsaunin. Za ka ga layukan sun cunkushe har kusan su haɗe, hanyar kuma tana ta murɗewa a tsakaninsu. Da ka wuce wajen Nguroje zuwa Gembu sai su saki, su zama ƙananan zobba masu yawa: tuddai ne masu ciyawa ɗaya bayan ɗaya, ƙorama a gindin kowanne. Wannan ce ainihin ƙasar shanun.

Ga yadda ake lissafin tsaurin gangare. A ce tazarar layuka ƙafa 50 ce, ka ƙidaya tazara goma cikin santimita ɗaya a 1:50,000. Hawan ƙafa 500 ke nan, wato mita 152, cikin tafiyar mita 500. Raba 152 da 500, ka sami kusan kashi 30 cikin 100. Saniya za ta iya kiwo a nan, amma ba za ta hau shi a miƙe ba, karkacewa take yi tana bin gefe. In ka je wurin za ka ga sawun da kofato ya yanka a jikin tudun, siraran matakai jere kamar an sassaƙa, jar ƙasa tana leƙowa ta tsakanin ciyawa. Daga irin wannan wuri zaizaya take farawa idan shanu suka yi wa makiyaya yawa.

Kwari da ƙashin tudu su ne ke rikita sabon shiga, domin duk biyun lanƙwasa layuka suke yi. Ka'idar ita ce: inda layi ya ƙetare rafi yana yin tsini, tsinin kuma yana nuna inda ruwan ya fito. Ko ba a zana rafi ba, in tsinin yana kallon wajen manyan lambobi, kwari ne. In yana kallon ƙananan lambobi, hancin tudu ne. Tsakanin ƙololuwa biyu kuma akan sami wani ɗan sirdi inda ƙasa ta sauka kafin ta sake hawa. Sa alama a kan irin waɗannan, domin ta nan mutane da dabbobi ke ƙetarawa tun fil azal.

Wani abin lura: in layukan tsinke-tsinke ne, ko babu lamba a jikinsu, to kwatance ne na siffar ƙasa, ba a auna su sosai ba. A ƙasar da gajimare ke rufewa kamar Mambila, hoton sama yakan fito da gurbi, mai zane ya cike da ƙiyasi. Kada ka yi lissafin gangare da irin waɗannan.

Mataki na biyar: bi ruwa

Shimfiɗa farar takarda mai shara-shara a kan taswirar, ka bi duk shuɗayen layuka da fensir. Fara da Kogin Donga, wanda ya ratsa tsaunin kudu da Gembu kafin ya gangara zuwa Binuwai, sannan ka bi rassansa zuwa sama. Shuɗin layi cikakke ruwa ne mai zama, mai tsinke-tsinke na damina ne. Bayan haka ka ja layi da wata kala a kan ƙashin tuddan da ke raba ruwan wannan rafi da na wancan.

Da ka ɗaga takardar za ka ga ƙasar yadda makiyayi ke ganinta: inda mashaya take, inda kwari ya yi faɗi da fadama, inda rafi ya shige kwazazzabon da saniya ba za ta iya sauka ba. A nan kuma za ka gane tushen yawancin saɓanin wurin, domin kwarin da manomi ke buƙata don masara shi ne wanda garke ke buƙata da rani. Alamar kurmi ma ka lura da ita. A kan tsaunin itatuwa sun fi bin bakin rafi, sai ƴan dazuzzuka irin na Ngel Nyaki kusa da Yelwa. In yau ka tarar da bishiyoyin turare sun kewaye ƙauye amma taswirar ta nuna ciyawa zalla, ba kuskure ta yi ba, daga baya aka dasa su.

Mataki na shida: nemo sawun kiwo

Mai zanen taswira abin da ya tsaya wuri ɗaya yake zanawa: gida mai rufi, makaranta, kasuwa, masallaci, coci, gidan saukar baƙi, gada. Rugar da ke tashi ta koma wani mashekari, bukkokinta na ciyawa ba sa fitowa sosai a hoton sama, in ma sun fito ba lalle a sa su ba. Gonar da aka bari ta huta ita ma kamar daji take fitowa. Don haka farin fili a taswira bai nuna cewa ba kowa a wurin ba, ko makiyayi ko manomi. Na ga ya wajaba a nanata wannan, domin da irin wannan shirun ake kafa hujjar ƙarya.

Abin da za ka yi shi ne haɗa alamu. Bi ɗige-ɗigen hanyoyin ƙafa: wadda ta daɗe tana bin ƙashin tudu, ta ƙetare ta sirdi, ta sauka daidai inda rafi ya yi faɗi, mai yiwuwa burtali ce. Duba sunaye. Na Fulatanci irin su Mayo da Hosere da Cappal da Wuro, wato rafi da dutse da tsauni da gari, suna nuna inda harshen ya kafu, ko kuma harshen tafintan da ya raka ma'aikacin safiyo. Wuri guda yakan kasance da sunan Mambilanci da na Fulatanci da na Hausa, taswira ta ɗauki ɗaya ta bar sauran. Rubutun ma yana canzawa: Bajamushe da Bafaranshe da Baturen Ingila kowa da yadda kunnensa ya ji. Buɗe shafi mai gida uku, ka rubuta sunan da ke taswira, da yadda mutanen wurin ke faɗa yau, da wanda ya gaya maka.

Shingen waya da ya yanka tuddan Mambila gida-gida a yau ba za ka gan shi a taswirar shekarun 1960 ba. Yawancin manyan filayen kiwo masu takardar mallaka daga baya suka yawaita, musamman bayan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Gonar shayin Kakara ma haka. In kana son cike giɓin, rahotannin lardi da bayanan jangali da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna sukan ambaci ardo-ardo da wuraren da aka ƙidaya shanu, abin da taswira ta yi shiru a kai.

Mataki na bakwai: ɗora ta a kan ƙasar yau

Tsofaffin taswirorin Nijeriya an gina su ne a kan tushen awo na Minna, wayarka kuwa da na duniya da ake kira WGS 84 take aiki. Tsakanin biyun akwai gocewar da za ta iya kusantar mita ɗari. Ga mai yawon buɗe ido ba komai ba ne, amma ga mai neman mahaɗar rafi ko tsohon turken safiyo, mita ɗari na iya jefa shi hayin da ba shi ba.

Hanya mai sauƙi ita ce Google Earth a kwamfuta: shigar da hoton taswirar a matsayin shimfiɗa, ka rage kaurinsa har ƙasa ta riƙa bayyana ta ƙarƙashi, ka ja kusurwoyi har rafuka su hau kan juna. Hanya mai inganci kuwa QGIS ce, manhaja ta kyauta. Buɗe sashen daidaita taswira, ka danna kusurwoyi huɗu na takardar, ka shigar da digirin da aka buga a kowace, ka zaɓi tsarin Minna mai lamba EPSG:4263. Mambila tana shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya don awo da mita, in layukan murabba'in taswirar na wannan tsari ne sai ka zaɓi EPSG:26332. Bayan an daidaita, jarraba da abin da ba ya motsi: ƙololuwar dutse da mahaɗar rafuka a cikin kwazazzabo. Kada ka jarraba da hanya ko kasuwa, ko rafin da ke yawo a fadama, domin duk suna ƙaura. Taswirar da aka daidaita za ka iya sa ta a waya ta manhaja irin Avenza Maps, ta nuna maka inda kake tsaye a kan tsohon zanen ko babu sabis.

In da kamfas za ka yi aiki, kada ka bi gyaran karkatar allurarsa da aka buga a gefen taswirar. A shekarun 1960 allura tana karkata yamma da ƴan digirori a Nijeriya, yau karkatar ta kusa gushewa.

Mataki na takwas: taka da ƙafarka

Bar taswirar asali a gida, a shimfiɗe ko a naɗe cikin bututu, nesa da laima. Kada ka liƙe yagewa da salatif: bayan ƴan shekaru yakan zama ruwan ƙasa, ya ɓare da tawadar a jikinsa, kuma galibi a kan lanƙwasar da ta fi shan hannu, inda sunan da kake nema yake. Fita da kwafi a cikin leda, da fensir, domin biro yana zuba in ruwa ya taɓa shi.

Rani ya fi dacewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina hazo yakan sauko ya rufe tudun da ke gabanka cikin ɗan lokaci. Wajen ƙiyasin tafiya, ba kowace kilomita biyar awa ɗaya, ka ƙara awa ɗaya a kan kowane hawan mita 600. Garke mai tafe yana kiwo ya fi haka jinkiri nesa ba kusa ba.

Kafin ka shiga ko'ina ka gaida jauro ko mai unguwa da ardo, ka faɗi abin da ya kawo ka dalla-dalla. An zubar da jini a kan filaye a Mambila, na 2017 bai gushe a zukata ba, kuma baƙo mai taswira da waya yana nuna tudu da yatsa dole ya tayar da hankali. Zauna da dattawan manoma, ka zauna da na makiyaya, ka shimfiɗa kwafin a gabansu ka juya shi arewarsa ta kalli arewa. Fara da rafin da kowa ya sani, ka ce: “Baffa, wannan ne rafin da ke bayan gari. Da can ta ina shanu ke sauka su sha?” Dattijon da bai taɓa shiga aji ba sau da yawa yakan riga ɗalibi gane zanen da zarar ya kama rafi ɗaya. Rubuta abin da kowa ya ce da sunan ɓangarensa da ranar, ko da maganganun sun saɓa.

Layukan iyaka da ke jikin takardar kuma ka ɗauke su a matsayin tarihi. Na lardi da na gunduma sun sha canzawa. Iyakar ƙasa da ƙasa kuwa, hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoba 2002 kan iyakar Nijeriya da Kamaru da aikin kafa turaku na hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Kamaru su ne abin bi. Mallakar fili kuwa da takardar safiyo mai lambobin turaku, da rajistar ma'aikatar ƙasa, da shaidar mutanen wurin ake tabbatar da ita. A taswira mai 1:50,000, layin da kaurinsa rabin milimita ne ya rufe mita 25 a ƙasa, faɗin da ya isa ya haɗiye burtali guda. In maganar iyakar gona ko makiyaya ce ta kai ka, ka nemi safiyo mai lasisi ya auna a gaban ɓangarorin biyu.